Tantin da Ka Kai wa Bitrus

Damba, Gusau.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tafiyarka. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda aikin nan ya kai ka. Innarka tana gaishe ka. Ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka, don an gaya mata Mambila akwai sanyi ko da rana tsaka.

Ga tantin nan na ba direban da zai zo Jos ya kawo maka kafin ku wuce. An gyara shi. Amma kafin ka kwance igiyarsa, zauna ka karanta wannan, don akwai maganar da ta tsaya mini a rai. Ka san halina: in muna zaune ido da ido, sai in ɓuge da tambayarka ko ka ci abinci, maganar kuma ta tafi.

Sai bayan tafiyarka na shiga ɗakin ajiya neman fartanya, na tarar babu tanti sai gurbinsa. Na tambayi Innarka. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce, "Ai Kabiru ya ɗauka, ya kai ma Baba Bitrus ya duba mashi ɗinkin, wai yana yoyo." Na ce, "Bitrus?" Ta ce, "To mi ne ne a ciki, Malam?" Na fita zaure na zauna, har aka kira la'asar ban motsa ba.

Kabiru, tantin nawa ne. Gidan da ka ɗauke shi nawa ne. Ko ta gabana ka wuce da shi, ko ka jira na tafi masallaci, ban sani ba. Ka ratsa unguwanni ka kai shi Sabon Gari wurin wani, alhali mutumin da ya san kowane ɗinki na jikinsa yana gida, ba aikin da yake yi sai jan carbi da sauraron rediyo.

Kai ka san Bitrus a matsayin tsohon da ke ba ka rake yana ba ka labari. Ni na san shi tun muna samari, lokacin da aka ɗauke mu aikin allurar dabbobi. Shi ya zo daga kudancin Kaduna da akwatinsa na ƙarfe, ni na zo daga Tsafe da tabarma da buta. Aka haɗa mu, aka ce mu riƙa bin rugage tare. Ban taɓa samun abokin tafiya kamarsa ba. In lokacin salla ya yi, shi ke tsare kayanmu, wani lokaci ma shi ke tuna mini. Amma kuma ban taɓa zama da mutumin da ya hana zuciyata sakat kamarsa ba. Saniyar da ta kusa karya mini haƙarƙari, in ya dafa wuyanta sai ta tsaya cak. In muka isa ruga, shi matan Fulani ke fara miƙa wa ƙwaryar nono. Ni da nake jin yarensu kaɗan-kaɗan, ni da nake sahu ɗaya da mazansu, sai in sha ragowa. Bai taɓa yi mini komai ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Abu ɗaya na taɓa samu wanda bai samu ba. Da likitan dabbobin da muke ƙarƙashinsa zai bar aiki, ya kira ni ya ce, "Lawali, riƙe wannan tantin, ka fi kula da kaya." A gaban Bitrus ya faɗa. Tantin tamfol ne, kore, mai kauri, tun a lokacin ya riga ya sha ruwa da rana. Na ɗauko shi a ka kamar wanda aka yi wa naɗi. Tun daga ranar na ƙudura a raina cewa hannun Bitrus ba zai gyara shi ba. Ya kwana a ciki, na yarda. Ya kama mini igiya, na yarda. Amma allura da zare, a'a. Wannan ƙudurin ne ya jawo duk tabon da za ka gani in ka kafa shi, kuma zan gaya maka su don kada ka maimaita.

Damunar farko da ya fara yoyo muna gefen 'Yankuzo ne. Da la'asar hadari ya taso, muka shige ciki, sai ga ruwa yana ɗiga a kusurwar da nake ajiye kai. Da aka ɗauke, na je wurin masu gyaran hanya na roƙo kwalta a gwangwani. Bitrus ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Malam, ina gani daga sama yake biyowa fa." Na ce, "Da idona na ga inda yake ɗiga." Ya ce, "To." Na shafe kusurwar nan da kwalta, na koma gefe ina kallon aikina. Kashegari ruwa ya dawo, ya ɗiga a daidai wurin, ko alamar ragi babu. Ashe ta ɗinkin tsakiya yake shiga, can ƙoli, ya bi jikin tamfol ta ciki ya gangaro har ƙasa. Baƙin tabon da ke kusurwar hagu, wanda kake tambayata kana yaro ina ce maka haka aka yi shi, kwaltar nan ce.

Saboda haka, in ka ga ruwa yana ɗiga, kada ka yarda da inda ya faɗo. Kafa tantin da rana, ka shiga ciki, ka sa wani ya riƙa zuba ruwa da buta daga ƙasa yana hawa sama a hankali. Ka bi kowane ɗinki da ido. Inda ka fara ganin danshi, ka sa alama da alli. Kuma in abokin aikinka ya ce yana gani daga sama yake biyowa, ɗaga kanka ka duba kafin ka ba shi amsa, ko da shi ne mutumin da ba ka so ya fi ka gaskiya.

Da na gane ɗinkin ne, sai na ce to, ɗinki ya tsufa, a ƙara masa wani. Na sayi basilla a kasuwar Tsafe, da zaren roba irin wanda ake ɗinke buhun gero da shi. Na zauna gindin tsamiya na bi ɗinkin tsakiya tun daga wannan baki har wancan, ina ja da ƙarfi, ina jin daɗin yadda ya ɗaure tamau. Bitrus yana gefe yana wanke sirinji. Ya kalli basillar, ya kalle ni, ya buɗe baki, sai na riga shi na ce, "Ka gama wankin?" Ya rufe bakinsa.

A Rawayya muka ga sakamakon. Ruwa ya kama mu da hantsi, irin mai zuwa da iska. Da can wuri ɗaya ke yoyo. Ranar nan duk inda basillata ta huda sai da ya zama ƙofa, ruwa yana sauka a jere kamar daga bakin indararo. Barguna suka jiƙe, garin da muka taho da shi ya zama kunu a cikin buhu. Ina jira Bitrus ya ce, ai da ka tambaye ni. Da ya faɗa, da na sami abin yin faɗa, da na huce. Bai faɗa ba. Ya jera tasa da ƙwarya da murfin tukunya a ƙarƙashin ɗigon, ya naɗe ƙafafunsa, ya ce, "Ko ba komai mun sami ruwan shayi." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ka ji abin da ban sani ba a lokacin. Tamfol da zaren auduga, in suka sha ruwa, kumbura suke yi su toshe ramin allura da kansu. Zaren roba ba ya kumbura, kuma basilla tana buɗe ramin da ya fi ƙarfin zaren. In ɗinki ya warware, nemi allura mafi ƙanƙanta da za ta iya ratsa tamfol, da zaren auduga mai ƙarfi, ka goga masa kakin zuma. Ka bi tsofaffin ramukan, kada ka huda sababbi. In ka gama, ka jiƙa wurin ka bar shi ya bushe, ka sake jiƙawa, har zaren ya zauna. Kuma in za ka kafa, kada ka ɗame igiyoyi kamar mai ɗaure ɗan maraƙi. Ɗamewar tana buɗe ramukan ɗinki. In hadari ya taso ma, sassauta su kaɗan, don tamfol yana tsukewa in ya jiƙe.

Kuskure na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani mai ɗinkin tamfol ɗin mota ya ce mini a narka kyandir a cikin kananzir a shafa, ruwa ba zai ƙara shiga ba. Na yi. Ban tsaya a ɗinki ba, na shafe rufin gaba ɗaya, don in nuna ni ma na san wani abu. Ruwa kam ya daina shiga. Muna bakin gulbi kusa da Bungudu, da safe, na hura wuta dab da ƙofar tantin zan dafa shayi. Iska ta juya, tartsatsi ya hau rufi, kafin in miƙe wuta ta kama. Akwatin maganin allura yana ciki, na shanun rugage da yawa da ke jiranmu. Ni na tsaya riƙe da buta kamar an dasa ni. Bitrus ya tuɓe rigarsa ya hau dukan wutar, da rigar ta kama ya ci gaba da tafin hannunsa, har ta mutu.

Aka taru. Wata tsohuwa ta kawo man shanu tana shafa masa a hannu, tana sa masa albarka. Ardon rugar ya riƙe kafaɗarsa ya ce, "Wanga namiji ne." Ina tsaye a bayansu. Kabiru, mutumin nan ya ƙone saboda wautata, ya ceci aikina, amma abin da ke raina a lokacin shi ne, me ya sa ba hannuna ne ya ƙone ba? Facin da ke saman ƙofa, mai launi daban, na wannan ranar ne.

Kada kananzir ya kusanci tantin nan. Kakin zuma zalla ya isa. Ka goge ɗinkin da buroshi da ruwa kawai, ban da garin sabulu, don yana cinye abin da ke hana tamfol shan ruwa. Ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka goga kakin a kan ɗinkin ta waje, ka bar rana ta narkar da shi ya shige. Wuta kuwa, ka yi nesa da ita, ka kuma duba inda iska ke kaɗawa kafin ka ƙyasta ashana. Kada ka taɓa naɗe shi da danshi, ko da mota tana jiranka. In dole ta sa, da kun isa ka shanya shi. Funfuna tana cin zare kafin ta ci tamfol.

Bayan an haife ka aka mayar da ni Tsafe, shi aka bar shi a Gusau. Ku kuna nan, ni sai ƙarshen mako nake zuwa. Shi ya koya maka keke. Shi ya ɗauke ka a babur zuwa asibiti ranar da zazzaɓi ya sa ka suma, ni sai labari na tarar. In na dawo gida da tsarabar rogo da gyaɗa, kafin in cire takalmi ka fara: Baba Bitrus ya ce kaza, Baba Bitrus ya nuna mini kaza. Ni ma ina da labarai, Kabiru. Duk rugar da ya ba ka labarinta, ina wurin. Amma maimakon in zaunar da kai in ba ka nawa, sai in ɗaure fuska in ce ka je ka yi alwala. Ranar da ka sami gurbin karatun likitan dabbobi, a kasuwa na ji. Bitrus ya hango ni ya taho da sauri yana cewa, "Malam, barka, barka!" Na ce, "Barka da mi?" Sai na ga fuskarsa ta canza, ya gane ban sani ba. Na dawo gida na yi maka addu'a, amma ka tuna ban yi dariya ba.

Wata rana kai ma za ka haihu, in Allah Ya so, kuma aikin nan naka mai raba mutum da gida ne. In ka dawo ka tarar ɗanka yana ambaton sunan wani, kada ka yi shiru kana jira ya gane da kansa. Yaro ba ya gane shiru. Wanda ya yi masa magana shi yake bi.

To, bari in gaya maka yadda aka yi da tantin. Kashegarin ranar da Innarka ta gaya mini, na sa hula na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, da niyyar in ɗauko kayana in dawo, ba tare da na zauna ba. Na yi sallama, matarsa, Maman Rahila, ta buɗe mini. Sai ga tantina a kafe a tsakar gidansu, tsakanin bishiyar gwanda da kejin kaji. Bitrus yana kan kujera 'yar tsugune, allura a hannu ɗaya, zare a ɗayan, yana ta kai zaren yana wucewa ta gefe. Ya kai, ya kuskure. Ya lashi bakin zaren, ya sake kaiwa, ya kuskure. Ban san idonsa ya yi rauni haka ba.

Ya ce, "Malam Lawali, ka zo ɗaukar kayanka."

Na ce, "Na zo."

Ya ce, "To, kafin ka ɗauka, zura mini wannan. Tun safe nake fama."

Na karɓa na zura a karo ɗaya, kuma na tabbatar ya gani. Ban mayar masa da allurar ba. Na ce ya matsa. Ya matsa, ya ɗauki kakin zuma ya koma ɗaya gefen. Maman Rahila ta kawo kunun gyaɗa ta ajiye, ta dube mu, ta koma ciki tana murmushi.

Mun jima muna aiki. Can na kasa daurewa, na ce, "Shi yaron bai san hanyar ɗakina ba ne?"

Ya ce, "Ya sani. Cewa ya yi gwiwoyinka ba su son durƙuso, kuma in ya gaya maka, sai ka durƙusa."

Na ce, "Gwiwoyina ne ko nashi? Kuma mi ya sa kai zai gaya ma, ni bai gaya min ba?"

Bitrus ya ajiye kakin. Ya ce, "Malam, bari in tambaye ka. Ka san wurin aikinsu sababbin tantuna suke rabawa? Na leda, marasa nauyi, masu zif. Kabiru ya ce mini an sa sunansa, ya ce a ba wani, shi da na babansa zai tafi." Ya nuna ɗakin da ke bayansa. "Akwatina na aiki yana can. Sirinjina, takalmina na daji, komai. Yarana uku, ɗaya tana Abuja, biyu suna Legas. Ba wanda ya taɓa buɗe shi. Wancan zuwan ma 'yata Rahila cewa ta yi in ba masu gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Kai ɗanka ya bi sawunka, ya ɗauki tsohon tamfol ɗinka mai kwalta zai hau dutse da shi, kuma ka zo gidana kana huci. Ni tun ranar da ya kawo shi nake kallonsa ina jin wani abu a nan." Ya dafa ƙirjinsa.

Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da nake da shi wanda Bitrus ke kallo ba. Ya kamata in ji tausayinsa, kuma na ji, daga baya. Amma abin da na fara ji daɗi ne, har sai da na sunkuyar da kai kan ɗinki don kada ya gani a fuskata.

Da muka gama, muka bar rana ta yi aikinta. Bayan azahar muka shige ciki mu biyu, muka zauna kamar da, Maman Rahila tana zuba ruwa da bokiti ta waje. Gefena shiru. Ɗinkin tsakiya shiru. Sai ga ɗigo ɗaya, ɗis, a kan gwiwar Bitrus, daga gefen da ya shafa. Ya ɗaga kai, ya ce, "Kai, na tsallake wuri." Na ce, "Ba komai, kawo in duba." Allah Ya yafe mini, murna ta fito fili a muryata. Ya kalle ni, ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa, har matarsa ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Da wurin ya bushe na shafe shi, muka sake gwadawa, ko ɗigo.

Na sa maka ragowar kakin a cikin gwangwani, da allura biyu, da zare, duk suna aljihun jakar. Ruwan Mambila ba irin namu ba ne, an ce sai ya wuni yana zuba. Ka haƙa ɗan rami kewaye da tantin don ruwa ya bi, kuma in ana ruwa kada ka jingina da jikinsa ta ciki, duk inda ka taɓa nan zai fara tsattsafowa.

Kada ka ɗauka na huce gaba ɗaya. Maganar da ka faɗa game da tantin babanka, a kunnen Bitrus ka faɗe ta, ni aro aka ba ni. Ina so in ji ta da bakinka. Ba sai ka tsara ta ba, ko a tsakiyar wata maganar ka jefa ta, zan tsince ta.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka yi mini dariya. Ranar da kuka isa, in ka sami inda waya ke kamawa, ni za ka fara kira. Ko gaisuwa kawai muka yi ta yanke, ya wadatar. Kana ajiyewa kuma ka kira shi, kada ka bar shi ya jima yana jira, don na san wayar tana aljihun gaban rigarsa tun yanzu. Amma ni ne farko.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ka fara aikin nan a sa'a. Ya kare ka daga sharrin hanya, da na ruwa, da na dabba, da na mutum. Ya sa dabbobin da za ka taɓa su sami lafiya a hannunka, masu su kuma su yi maka addu'ar alheri. Ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Lawali.